Gado Na Bakwai

Daren Laraba aka kawo shi daga Yelwa,
a bayan a-kori-kura, kansa bisa cinyar ɗansa.
Baba Garga. Saba'in da ɗoriya.
Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace,
magana ta shige ɗaka ta ja ƙofa.

Na auna jini, na rubuta zafin jiki,
na tambayi ɗan: Yana ci? Yana barci?
Ɗan ya amsa, suruka ta ƙara,
mu uku muna jifa da zancensa ta saman kansa
kamar masu cinikin buhun gyaɗa a kasuwar Garwa,
shi kuwa yana kwance, ido biyu,
yana bin bakunanmu ɗaya bayan ɗaya.

Da safe na zo da sirinji, na ɗaga murya:
Baba! Zan yi maka allura!
Ya runtse ido.
Goggo Dudu mai shara ta jingine tsintsiya, ta ce,
Dijatu, harshe ne ya tafi, kunne yana nan.
Kunya ta sauko mini har tafin ƙafa.

Sai na jawo 'yar kujera
na zauna inda idona zai yi daidai da nasa.
Na roƙi maƙwabci ya rage rediyo,
na sauke takunkumi don ya ga leɓɓana.
Na ce, ni ce Dijatu. Ga hannuna.
In e ne, matsa sau ɗaya. In a'a ne, sau biyu.
Tambaya guda, sannan shiru.
Shirun nan ne ya fi allura wuya:
ki ƙirga goma a zuci,
kada ki cike masa gurbi da bakinki.

Ciwo? Sau biyu.
Fitsari? Sau biyu.
Yunwa? Ya saki hannuna, ya mai da ido bango,
kamar mai cewa, yarinya, iyakar saninki ke nan?

Kwana huɗu muna haka.
A na biyar ya buɗe tafina,
ya sa yatsan hagu, wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba,
ya ja ra, ya ja wau, a karkace, da ajami.
Ruwa! Na ruga na ciko kofi.
Ya kalli kofin, ya kalle ni.
Sau biyu. Da ƙarfi.

Ina wanke hannu a famfo na tuna
ɗan ya ce shekara arba'in yana fito a Binuwai,
har yau kwalekwalensa na ɗaure a gaɓa.
Na dawo, ko hannun ban share ba.
Kogi?
Sau ɗaya.
Bai saki ba.

Ta tagar ɗakinmu ba a hango kogi,
sai katanga, da darbejiya, da igiyar shanya.
Don haka kafin in kama aiki
nakan sa mai babur ya zaga da ni ta gada,
in leƙa, in zo masa da rahoto:
Baba, yau ya yi ja, ya cinye yashin tsallake,
masu wanki sun ja da baya,
an ce jiya dorina ta shiga gonar wani.
Rabin bakin da ya rage masa ya yi dariya,
yawu ya zubo, na share, muka ci gaba.

Babbar nas ta ce ina daɗewa a gado na bakwai.
Gaskiyarta, goma sha ɗaya suna jira,
wata ba ta gani, sai na faɗi sunana kafin in taɓa ta.

Ran sallama ɗan ya tare ni a baranda
da ledar magani, yana raɗa:
Yanzu a gida yaya za mu yi da shi?
Na ja shi har bakin gadon,
na tura masa kujerar da ƙafa.
Na ce, zauna tukun.
Ga hannunsa. Tambaye shi.